Agogon Saje Audu a New York

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A kasuwa a tare ni, a masallaci a tare ni, hatta mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe mini kofi ya ce sai na gaya masa ko da gaske ne can ba a ɗauke wuta. 'Yan majalisarmu kuwa sun fi kowa naci. Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Da farko dai ku sani ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Agogo na je nema.

Kakana na wajen uwa, Saje Audu, ɗan sanda ne a zamanin Turawa. Da aka ba shi igiya uku sai aka haɗa masa da agogon aljihu, irin mai murfi da sarƙa, don da shi yake canza masu gadi. Da ya yi ritaya aka bar masa abinsa. Bayan rasuwarsa agogon ya faɗa hannun kawuna, shi kuma wata shekara da abubuwa suka yi masa tsauri ya sayar wa masu bin gida-gida suna sayen tsofaffin kaya. Mahaifiyata, Inna, ba ta ji labari ba sai bayan an gama. Ba ta yi faɗa ba, amma har kawu ya bar duniya gaisuwar baƙo take yi masa.

Shekaru suka shuɗe. 'Yata ta fari, wadda muke kira Ummi saboda sunan Inna aka sa mata, tana aikin jinya a wani asibiti a New York, mijinta kuma yana koyarwa. Wata rana ta je suna gidan wasu 'yan Gana, sai ga wani dattijo yana nuna wa mutane hotuna a wayarsa, wai agogunan tsofaffin 'yan sanda ne da yake tarawa. A cikin murfin ɗaya an karta rubutun ajami da tsinin allura. Ummi ta yi allo kafin boko, ta karanta: Audu ɗan Mamman, Gwarzo. Ta roƙi dattijon ya tura mata hoton, ita kuma ta turo mini.

Na karanta wa Inna, don idonta ya yi rauni. Da na gama ta ce, "Ado, ka je ka zo mini da shi tun ina da rai." Inna ta haura tamanin, kuma ban taɓa jin ta nemi wani abu don kanta ba. Wannan ba aiken da ake cewa sai an ga hali ba ne.

Nan take na kira Ummi na ja mata kunne, kada ta kuskura ta nuna wa dattijon muna da wata alaƙa da agogon. Na tsufa ina sayar da atamfa a Kwari, na san abin da ke samun farashi idan mai kaya ya ga idonka ya faɗa kan abu.

Ta ce, "Abba, mutumin nan fa ba ɗan kasuwa ba ne."

Na ce ta bar mini wannan, ita ta ji da allurarta.

Maganar biza ba zan ja ta ba. Na tsaya gaban gilashi a Abuja, wata Baturiya ta tambaye ni me zan je yi, na ce ganin jikoki. Ba ƙarya na yi ba, rabin gaskiya ce. Daga Abuja muka tashi, muka sauka wani gari a Turai muka canza jirgi. A filin jirgin nan na fara shan mamaki. Na shiga banɗaki in yi alwala, na nemi kan famfo na rasa. Na murɗa nan, na danna can, babu ruwa. Sai da na ga wani ya tara hannu kawai ruwa ya zubo. Hannu da fuska dai an yi lafiya, amma da na ɗaga ƙafa famfon ya ƙi gane ta. Haka na tsaya da ƙafa ɗaya ina yi masa alama da hannu ina tarar ruwa ina shafawa, wani mai shara baƙar fata yana kallona yana ƙunshe dariya. Da na gama ya ce mini assalamu alaikum, ya nuna mini inda ake salla.

A jirgi na biyu lokaci ya rikice mini gaba ɗaya. Muna ta tafiya rana ta ƙi faɗuwa. Agogon hannuna ya ce an yi isha a Kano, taga ta ce ko la'asar ba ta yi sanyi ba. Na yi sallolina a zaune yadda na iya, na bar wa Allah sauran.

A filin jirgin New York kare ne ya tarbe ni. Uwargida ta cika mini jaka guda da tsarabar Ummi: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, da kilishi mai yawa. Ina jiran kaya sai ga wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa, har da rigar aiki a jikinsa, ya zo ya zauna a gindin jakata. Na matsa, ya matso. Jami'in da ke riƙe da shi ya tambaye ni ko akwai nama a ciki. Na ce babu nama, sai dai kilishi. Da aka buɗe ya ɗaga faifan kilishin ya dube ni, na dube shi. Cikin ladabi ya gaya mini nama ba ya shiga ƙasarsu, danye ko busasshe, ya jefa shi cikin wata ganga. Zuciyata ta bi shi. Daddawa kuwa, yana buɗe ledar ya ja da baya, ya rufe da sauri ya ce in wuce.

Ummi da mijinta suna zaune a Bronx, kan wani dogon titi da ake kira Grand Concourse, benaye jere kamar an ɗinka su da juna. Gidan ɗaki biyu ne da falo, suka kwashe yara suka ba ni ɗakinsu. Jikokin nan nawa suna jin Hausa sarai, amma in ka tambaye su da Hausa sai su mayar maka da Turanci. Na ce wa babbar, "Ke matar, ina tuwona?" Ta fahimci wasan, ta yi dariya, amma amsar da ta ba ni sai da uwarta ta fassara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gaisuwa. Mutum ya shigo lif ku tsaya kafaɗa da kafaɗa, ya kafa ido a ƙofa kamar an yi muku faɗa jiya. Ni kuwa ba zan iya ba, kowa na gani sai na gaishe shi. Ummi ta ce in rage, za a ɗauka ba ni da lafiya. Ban rage ba, kuma ta haka na samu aboki. Wata safiya na yi wa wani mutum mai hula sallama, sai ya ce, "Lahiya lau, Alhaji, ya gajiya? Sa ba?" Malam Hamidu ke nan, mutumin Maraɗi mai haɗa gaisuwa da Faransanci, yana da shagon kayan abinci a bayan layinmu. Shi ya kai ni masallacinsu, wani tsohon shago da aka shimfiɗa wa darduma. Ranar Juma'a in aka idar, sai ka ji Hausa iri uku tana tashi a bakin ƙofa: tamu ta Kano, ta 'yan Nijar mai Faransanci, da ta 'yan zangon Gana wadda ba ta raba mace da namiji. Dukkansu kuma an barbaɗa musu Turanci.

Na so washegarin saukata in je wurin dattijon, amma a can ba a faɗa wa mutum gida haka kawai. Ko ɗan'uwanka za ka ziyarta sai an yi waya an sa rana. Ga Ummi tana shif, sai ranar hutunta za ta iya raka ni. Inna kuwa kullum sai ta sa an kira ni, ba ta tambayar sanyi ko abinci, sai dai, "Ka gan shi?"

Ranar ta zo. Dattijon yana zaune a Staten Island, tsibiri ne, sai an tsallaka ruwa. Muka gangara ƙarƙashin ƙasa mu hau jirgin ƙasa mai lamba D. Akwai wani kati da ake gogawa ƙofa ta buɗe, nawa ya ƙi. In na goga da sauri ya ce na yi sauri, in na goga a hankali ya ce in sake. Layi ya taru a bayana, har wata tsohuwa ta fizge katin ta goga mini ta tura ni gaba. Muka canza jirgi, muka fito bakin ruwa, muka shiga wani makeken jirgin ruwa mai launin ruwan goro. Na laluba aljihu, Ummi ta ce kyauta ne. Na ce kyauta kamar yaya? Garin da ko ruwan sha sai ka saya, a ɗauke ka a jirgi a tsallakar da kai ba ko sisi? Har muka sauka ina jiran a zo karɓa. Daga nan bas ta kai mu Port Richmond, unguwar ƙananan gidaje da shaguna, inda na ga doya da manja a kan tebur kamar a Sabon Gari.

Dattijon, Baba Isaka, dogo ne siriri, ya haura saba'in, ya yi shekaru yana tuƙa tasi kafin ya ajiye. A zangon Kumasi aka haife shi. Kakansa falken goro ne daga ƙasar Kano, ya je ya zauna bai komo ba, mahaifinsa kuma ya shiga aikin ɗan sanda tun ana ce wa Gana Golkos. Ya rungume ni a bakin ƙofa.

"Ei, ɗan Kano! Akwaaba, sannu da zuwa. Shigo, shigo. Hajiya ya dafa maka tuwo tun safe."

Hajiya Memuna, matarsa, gajeriya ce mai fara'a da kaifin ido. Ta jere mana tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, ga kuma shinkafa da wake irin tasu. Garau-garau ɗinmu ne ya je Gana ya yi arziki, ya samu taliya da ƙwai da kifi da wani baƙin yaji da ya sa na nemi ruwa ba shiri. Na ci har na ji kunya. Da muka gama mata suka shige kicin, Baba Isaka ya ce in zo in ga mutanensa.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan falo. Tun kafin ya kunna fitila na ji motsinsu, cak-cak-cak ta ko'ina. Akwai wata durowar katako mai aljihuna marasa zurfi, an shimfiɗa musu koren ƙyalle, agoguna kwance a jere. Ya ce kullum bayan asuba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su wani, wato ya murɗa musu kai don kada su tsaya. Ya nuna mini alamar kibiya da ke bayan kowanne, shaidar kayan gwamnati ne, da lambar mai shi a ƙarƙashi. Wannan daga Gana, wancan daga Saliyo, ga na Gambiya, ga na Najeriya. Wasu a gwanjon kwamfuta ya saye su, wasu a kasuwar tsofaffin kaya, wani ma a cikin kwalin maɓallai ya tsinto shi. Ya koya mini yadda ake gane na jabu, wai kibiyarsu takan yi sabunta da yawa. Ni dai ina ta mamaki, ban taɓa sanin akwai mai ɓata rayuwarsa a kan irin wannan ba, kuma ga shi abin yana jan hankali.

Ya jawo aljihu na biyu, sai ga namu. Murfinsa ya lotsa a gefe, babu sarƙa. Na ji kamar in kai hannu in damƙe. Amma sai ɗan Kwarin da ke cikina ya farka. Na kalle shi sama-sama na ce, "Wannan kam ya sha jiki." Na wuce.

A can gefe akwai wani shi kaɗai, farin azurfa, yana ƙyalli, da sarƙarsa cikakkiya. Shi na ɗauka. Dabarar kowa ya san ta a kasuwa: ka yabi mai tsada, ka taya, a ce albarka, sai ka yi kamar ka haƙura ka ce to a ba ka wancan lotsattsen ka rage zafi. Na juya shi, na kara a kunne, na girgiza kai.

"Kai! Baba, wannan shi ne agogo. Sauran duk rakiya suka yi masa."

Ya zuba mini ido. Na ɗauka dabara tana ci, sai na ƙara wuta. Na yabi murfin, na yabi sarƙar, na ce duk wanda ya rataya wannan ba ƙaramin mutum ba ne.

Ya ce, "Ya yi maka?"

Na ce, "Baba, tun da nake ban ga abin da ya shiga raina irinsa ba."

Sai ya karɓa, ya ba shi wani a hankali, ya ɗora mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai.

"Naka ne."

Na ce a'a, Baba, ai tambaya zan yi, nawa za a... Ya ɗaga hannu, fuskarsa ta canza.

"Kada ka ɓata. Tun da na zo ƙasar nan ba a yi wanda ya fito daga garin kakana, ya ci tuwona, ya kalli kayan nan da ido irin naka ba. Yarana ba ruwansu, su waya ne agogonsu. Babana ya hore ni, baƙo ba ya yaba abu a ɗakinka ka bar shi ya fita hannu wofi. Mu a zango ba mu yar da wannan ba. Ko ku a Kano kun yar?"

Me zan ce? In ce mun yar? Na yi godiya, na yi addu'a. Ya mayar da aljihu na biyu ya rufe, da agogon Inna a ciki. Da muka fito Hajiya Memuna ta ga sarƙar tana leƙowa daga aljihun rigata. Fara'arta ta ɗauke, ta ja Ummi gefe suka yi ƙus-ƙus.

Sai da jirgin ruwa ya bar gaɓa Ummi ta yi magana.

"Abba, ka san agogon wa ka ɗauko?"

Na ce na san dai ba namu ba ne.

"Na mahaifinsa ne. Da shi ya fara tarawa. Hajiya ta ce ko jikokinsa ba ya bari su ɗauka."

Ban san lokacin da na nemi benci na zauna ba. Mutane suna ta tururuwa gefe guda suna ɗaukar hoton gunkin matar nan mai ɗaga tocila, ni ko kallonta ban yi ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Ummi ba ta ce ai na gaya maka ba. Shirun da ta yi ya fi faɗin zafi.

Ga ni nan a tsakiya. In mayar da kyauta, na ci mutuncin dattijo. In koma in ce a ƙara mini wani, na zama mayunwaci. In yi shiru, in koma wa Inna da agogon mahaifin wani. Da ta kira a ranar na ce, "Na gan shi, Inna, ana kan magana." Ta ce, "Yana tafiya?" Na ce yana tafiya. Ta ce alhamdu lillahi, da wata murya da ta sa na kasa cin abincin dare. Ranar komawata kuma tana matsowa.

Na kai kukana shagon Malam Hamidu. Ya yi dariya har ya riƙe buhun shinkafa.

"Alhaji, ka tai ciniki gidan da ba a buɗe shago ba! Wallahi ku Kanawa sai Allah."

Na roƙe shi ya je mini, ko ya haɗa ni da limaminsu a shiga tsakani. Ya ce shi ba ruwansa, ƙafar da ta kai ni ita za ta mayar da ni. Ya dai taimaka ya kira Baba Isaka ya ce ɗan Kano zai zo sallama.

Wannan karon ni kaɗai na tafi, Ummi tana aiki. Na ɗauki turmin shadda da hula zanna daga tsarabar da na zo da ita. Katin ya buɗe mini ƙofa a gugar farko, na shiga jirgi ina jin kaina ɗan gari, ashe wanda ke tafiya arewa na hau. Sai da ya tsaya kowa ya fita, direba ya zo ya ce an ƙare hanya. Wata mata mai kayan asibiti ta dubi takardar da Ummi ta zana mini, ta riƙe hannun rigata ta tsallakar da ni ɗaya ɓangaren kamar makaho. Na isa Port Richmond a makare, gumi ya jiƙa mini riga.

Muka gaisa, na miƙa shadda da hula, ya sa albarka. Hajiya ta kawo koko da ƙosai. Na kasa taɓawa. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa, na ciro agogon azurfa na ajiye a kan tebur, na faɗi komai. Na faɗi Saje Audu, na faɗi kawu, na faɗi Inna da idonta, na faɗi dabarar da na shirya tun daga Kano.

Ya kalli agogon da ke kan tebur. Ya ɗago ya dube ni.

"Wato ka zo gidana ka yi mini kasuwa."

Na ce haka ne, Baba.

"Bar wannan. 'Yar mai agogon yana da rai? Yana numfashi yanzu haka a Kano?"

Na ce tana nan.

"Ka zauna ka cinye tuwona ba ka gaya mini ba! Kai ka san me ya sa nake tara su? Kana tsammani don ƙarfe ne? Kowane ɗaya mutum ne. Sun yi wa Bature gadi, wasu an zage su a garinsu, sun mutu, kayansu ya ƙare a kwalin Turawa ana sayarwa kamar cokali. Ni nake kwaso su in yi musu addu'a. Yawancinsu lamba kawai gare su, ban san wa zan kira ba. Wannan mai suna, na tambayi duk ɗan Najeriya da ya hau motata ko ya san Audu na Gwarzo. Ba wanda ya sani. Sai ga jikansa ya shigo ɗakina ya ce ya sha jiki!"

Na sunkuyar da kai. Ya tashi ya shiga ɗakin, ya fito da shi, ya buɗe murfin ya nuna mini rubutun kakana, ƙanana-ƙanana, a karkace. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma hawaye suka zubo mini. Na fara maganar abin da ya kashe wajen sayensa, ya harare ni na haɗiye sauran.

"Wannan ba kyauta ba ne, ajiya ne. Ka kai wa mai shi."

Na yi godiya. Sannan na tura na azurfar gabansa a hankali na ce, to Baba, wannan ya koma wurinsa. Ya kawar da kai.

"Abin da ya fita hannuna ba ya dawowa. Da gaskiya na ba ka, ko kai ba da gaskiya ka yaba ba."

Na roƙa, na haɗa shi da Allah, ya ƙi ko kallon tebur. Na ga idonsa ya yi ja, na san yana so, na kuma san ba zai karɓa ba ko za a kwana ana yi. Muna cikin haka Hajiya Memuna, wadda ashe tana tsaye a ƙofar kicin tun ɗazu, ta goge hannu a zaninta ta matso. Ta ɗauki agogon azurfar ta juya shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ei, Alhaji, wannan agogon naka ne? Kai, yana da kyau! Dubi murfi. Dubi sarƙa."

Na yi sororo. Ta zuba mini ido ta ƙara da ƙarfi.

"Tun da nake ban ga abin da ya shiga raina irinsa ba."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Na miƙe na ce, "Hajiya, naki ne. Mu a Kano ba mu yar da wannan ba."

Ta ce ta gode, Allah ya ƙara arziki. Ta wuce ta gaban mijinta ta shiga ɗakin agoguna, muka ji an ja aljihun durowa an rufe. Ta fito ta ce ita ba ta da wurin ajiya, ta ba mijinta aron agogon ya ajiye mata. Baba Isaka ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ya fashe da dariya har da tari. Ya ce in sha kokona kafin ya huce. Kafin in tafi ya samo wata tsohuwar sarƙa ya ɗaura wa namu, ya koya mini yadda ake ba shi wani ba tare da an tsinke masa ciki ba.

Dawowa ba ta da labari, sai dai agogon bai shiga jaka ba, a aljihun ƙirjina ya yi tafiyar, ina dafa shi duk bayan ɗan lokaci. Daga filin jirgi ban biya gidana ba, gidan Inna na wuce. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, ƙannena mata da jikoki sun kewaye ta. Na durƙusa na sa mata shi a hannu.

Ta riƙe shi da hannu biyu, tana shafa bayansa da babban yatsa, ba ta kai shi kunne ba. Can ta ce, "A jikin ƙusa yake rataye shi, kusa da bel ɗinsa. Ya ce kayan Sarkin Ingila ne, ba mai taɓawa. Ko uwarmu ba ta taɓa. Wata rana na hau turmi na miƙa hannu, saura kaɗan, ya shigo ya daka mini tsawar da har yau ina jin ta. Na yi aure, ya rasu ina garin wasu, aka raba gado aka ce agogo na maza ne." Ta yi ɗan murmushi. "Yau ne na fara taɓa shi."

Ta sa farce tana neman buɗe murfin, farcen ya ƙi kamawa. Ta gwada, ta sake gwadawa. Tausayi ya kama ni, na miƙa hannu in taimaka mata, ni da na tsallaka teku na ɗauko shi, ni da furfura ta cika mini gemu.

Ta make mini hannu.

"Kai, cire hannunka! Wannan ba na wasan yara ba ne."